Ƙanwar Ɗan Guguwa

Abdulwahid mai gyaran keke bai iya Turanci ba. Duk Haɗeja kuwa, in ban da matarsa Saude, babu wanda ya san haka.

Shekara uku ya yi yana lebura a tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. Ya dawo gida da sifana biyu, da famfo, da kalmomin Turanci da ba su fi ashirin ba, yawancinsu na zagi. Boko kuwa a ajin yaƙi da jahilci ya koya, wato Hausa zalla. Wata rana Buba direba ya jefo masa wata mujallar zane da fasinja ya mance a mota. Mutane suka taru a rumfarsa da ke gefen tashar mota suna kallon hotunan, sai wani ya ce, “Malam, kai da ka zauna da ma'aikatan reluwe, me suke cewa a nan?”

Nan ne ya kamata ya ce bai sani ba. Bai ce ba. Ya dubi hoton, ya ɗora yatsa a kan rubutun, ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Mutane suka ji daɗi, shi ma ya ji daɗin jin daɗinsu, kuma daga nan ya shiga abin da ya kasa fita.

A Ikko ake buga mujallar, duk sati biyu. Labarin wani ƙato ne mai rufe fuska da baƙin ƙyalle, mai jar alkyabba, wanda in ya juya sau uku sai iska ta tashi ta ɗaga motar ɓarayi ta kifar. Abdulwahid ya sa masa suna Ɗan Guguwa. Buba kan sayo musu ita a Kano ya kawo ran Asabar, Abdulwahid ya kai ta gida ya yi ta nazarin hotunan yana shirya abin da zai faɗa, ran Lahadi kuma bayan la'asar, in kasuwa ta fara watsewa, a cika rumfa a ji karatu. Haka aka yi shekara biyu.

Tun a fitowa ta farko akwai wata yarinya mai gajeren siket da Ɗan Guguwa ke yawan riƙe wa hannu. Da aka tambayi Abdulwahid ko wace ce, ya duba ya ga akwai masu furfura a rumfar, kunya ta hana shi cewa budurwa. Ya ce ƙanwarsa ce. 'Yar'azumi, dattijuwar da ke suyar ƙosai a bakin rumfar, ta sa mata suna Hajo, ta ɗauke ta kamar 'yar cikinta. Daga baya Zarami, babban masunci wanda ba ya karɓar magana sai ya juya ta, ya ce shi fa bai ga kama tsakaninsu ba. Abdulwahid ya buga yatsa a kan shafin ya ce, “Ga shi nan a rubuce, Baba. Yana ce mata, nono ɗaya muka sha.” Daga nan maganar ta zauna.

A shekarar 1973 damina ta yi rowa. Kogi bai hau fadama ba, kifi ya yi ƙaranci, hukuma ta fara aiko takardu a kan irin komar da aka yarda a kama kifi da ita. Takardun duk da Turanci suke zuwa. Masunta suka kafa ƙungiya, suka nemi magatakarda, Zarami kuwa da ƙafarsa ya je ya kai sunan Abdulwahid. Aka ce ran Litinin za a damƙa masa littafin ƙungiya da hatimi a gaban manya. Abdulwahid bai taɓa son wani abu kamar yadda ya so wannan hatimin ba. Ya riga ya tsara a ransa cewa duk takardar da ta zo zai hau keke ya kai wa wani akawu a Malam Madori a asirce.

Ran Asabar ɗin da ta gabaci Litinin, Buba ya miƙo masa mujallar ta tagar mota yana cewa, “Ta wannan karon da kauri, Malam. Na gaya wa su Zarami ta iso.”

Abdulwahid ya tafi gida, ya zauna a inuwar darbejiya, ya fara buɗawa. Shafukan farko faɗa ne, bai sha wahala ba. Da ya kai tsakiya hannunsa ya tsaya. Hoto ne babba da ya cinye shafi biyu. Ga Hajo cikin farar riga mai jan ƙasa, da lulluɓi, da furanni a hannu. Ga Ɗan Guguwa cikin kwat, ya cire ƙyallen fuska, tabon da kowa ya sani yana nan a goshinsa, yana sa mata zobe. A shafi na gaba sun haɗa baki.

Ya rufe mujallar. Ya sake buɗewa ko idonsa ne. Suna nan.

Saude na tankaɗe a ƙofar ɗaki, ta ga yadda ya yi zuru, ta zo ta leƙa ta kafaɗarsa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Ikon Allah. Malam, ƙanwar taka ta yi aure.”

“Ba abin dariya ba ne.”

“Ni ma ban yi ba. Ka ce musu 'yar riƙo ce, sai yanzu aka gane.”

“Na riga na ce nono ɗaya suka sha. Zarami ba ya mantuwa.”

“To ka yage wurin.”

“Yana ƙirga shafi. Rannan da ɓera ya ci gefe ɗaya sai da ya sa na rantse.”

“Ka ce ba ta zo ba.”

“Buba ya gama shelarta a tasha.”

Saude ta kaɗe garin da ke hannunta a zane. “To saura ɗaya, kuma ka san ta.”

Ya san ta, faɗin gaskiya take nufi. Akwai kuma abin da bai gaya mata ba. Sati biyu da suka wuce wani sabon malamin firamare, Habila, mutumin kudancin Zariya, ya kawo kekensa faci. Ya hango tsofaffin mujallun a kan akwatin kayan aiki, fuskarsa ta washe, ya ce tun yana kwalejin horon malamai a Kaduna yake bin labarin nan, bai zaci zai same shi a Haɗeja ba. Ya ce in sabuwa ta zo zai zo ya saurara.

Abdulwahid bai iya cin tuwon ranar ba. Da safe ya buɗe rumfa ya yi faci uku, biyu suka dawo suna fitar da iska. Duk keken da ya ɓullo daga wajen makaranta sai ya ɗago ya duba ko Habila ne. Zuwa azahar ya samo dabara: zai ce mafarki ne. Zai ce mugun Likitan nan, babban abokin gabar Ɗan Guguwa, shi ya shaƙa masa wani hayaƙi ya sa shi mummunan mafarki. Dabarar za ta iya wucewa in Habila bai zo ba. Ya yi ta roƙon Allah kada ya zo, bai ma ji nauyin abin da yake roƙo ba.

Bayan la'asar rumfa ta cika. Zarami ya zauna a kan turmin da kullum yake zama, ƙafafunsa duk faso, yana ƙarnin kifi. 'Yar'azumi ta matso da kaskonta. Bakari tela ya rufe shago ya zo da awo rataye a wuya. Tun kafin a buɗe mujallar aka fara gardamar da aka saba.

“Ni dai tun da suka canja mai zanen nan raina bai kwanta ba,” in ji Zarami. “Da alkyabbarsa har ƙasa take. Yanzu dube ta a bangon mujallar, kamar majanyin goyo.”

“Zamani ne, Baba,” in ji Bakari. “Doguwar alkyabba ba ta gudu. Ni da nake ɗinki na sani.”

“Kai da kake ɗinka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya? To libarbar fa? Mutumin da ke kifar da mota da iska, me zai yi da libarba? Ɗan sanda ne?”

“In iskar ta ƙi tashi fa?”

“Da can tana ƙi?”

'Yar'azumi ta juya ƙosai ta ce, “Ni Likitan nan ne ya ishe ni. Sau uku yana mutuwa. Ya faɗa wuta, ya dawo. Wani kada ya haɗiye shi, ya dawo. Mutuwar Ikko ba ta riƙe mutum ne?”

“In ya mutu da gaske labari ya ƙare, Gwaggo,” in ji Bakari.

“Ya ƙare mana. Su aurar da Hajo ga mutumin kirki ta huta da yawo. Yarinya ta isa aure tun bara, wanta yana ta jan ta cikin harsashi.”

Abdulwahid ya ɗauko mujallar. Ya yi gyaran murya, ya buɗe shafin farko. Yana cikin layi na biyu sai ya ji ƙararrawar keke. Habila ya jingine kekensa, ya yi sallama, ya gaida manya da ladabi, aka matsa masa a kan benci daidai inda zai iya hango shafin.

Abdulwahid ya ci gaba. Yatsansa na bin rubutu, bakinsa na faɗin wani abu dabam. Bai taɓa jin nisan da ke tsakanin yatsan da bakin ba sai yau. Ya saci kallon Habila. Da farko malamin na murmushi. A shafi na uku murmushin ya ragu, ya ɗan karkata kai yana duba rubutun. A shafi na biyar ya ɗago ya dubi Abdulwahid, suka haɗa ido, sai ya mayar da kansa ƙasa yana kallon takalminsa.

Abdulwahid ya ja faɗan iya jansa. Ya ƙara wa ɓarayi magana, ya ƙara wa Ɗan Guguwa wa'azi a kan haƙƙin maraya, ko magariba za ta zo ta cece shi. Zarami ya gaji ya ce, “Malam, yau jan ƙafa kake. Juya mana.” Ya miƙo hannu ya juya shafin da kansa.

Man 'Yar'azumi kaɗai ke ƙara a kasko.

“Wannan ba Hajo ba ce?” in ji Bakari.

“Ita ce,” in ji 'Yar'azumi a hankali. “Wane ne angon?”

Kowa ya ga tabon da ke goshin angon. Zarami ya juya shafi na gaba, ya ga abin da ke wurin, ya kife mujallar a cinyarsa yana salati.

“Ƙanwarsa,” ya ce. “Uwa ɗaya. Shekara biyu muna zaune muna yabon mutumin nan. Ni har jikana nake kira da sunansa.”

“Mutanen Ikko sun lalata shi,” in ji wani daga baya. “Dama tun da aka ba shi libarba na san ba shi ba ne.”

“A ƙona ta kawai,” in ji wani.

Abdulwahid ya buɗe baki ya ce, “Ku tsaya ku ji. Wannan mafarki ne. Likita ne ya…”

Amma Habila ya riga ya fara magana. Ya ga ran dattawan ya ɓaci, ya so ya sanyaya musu.

“Baba, ku yi haƙuri, ba ƙanwarsa ba ce. Budurwarsa ce tun farkon labari. Sunanta Komfot, nas ce a asibiti. Mu a Kaduna mun daɗe muna jiran auren nan.”

Zarami ya juyo gaba ɗaya ya dube shi. “Ɗan nan, yaushe ka zo garin nan?”

“Wata uku, Baba.”

“Wata uku. Mu shekara biyu muna ji da kunnenmu. Nono ɗaya suka sha, a rubuce yake.”

“Ban taɓa ganin wurin ba.”

“Ba ka gani ba, ko kana so ka wanke abin kunya? Haka kuke koya wa 'ya'yanmu a makaranta, a ga ƙazanta a ce ba ƙazanta ba ce?”

Habila ya miƙe tsaye. Mutanen da ke benci suka ɗan janye daga gare shi. Baƙo ne, shi kaɗai, kuma ya san in maganar nan ta kai kunnen iyayen yara da hedimasta a yadda Zarami ya faɗe ta, zamansa a garin zai yi wuya. Ya ce, “Ni ban zo gardama ba. Abin da ke rubuce na faɗa.” Bai dubi Abdulwahid ba.

“To ga mai karatu nan,” in ji Zarami. Ya buɗe shafin auren, ya shimfiɗa a gwiwar Abdulwahid, ya danna babban yatsansa a kan rubutun da ke saman kan amarya. “Malam, karanta masa. Faɗi yadda yake da Turanci, kalma kalma, sannan ka fassara. A san maƙaryaci tsakaninku.”

Abdulwahid ya dubi baƙaƙen. Ya san kowane harafi, don irin na boko ne, amma haɗuwarsu ba ta ce masa komai. Ya san kuma in ya yi wata gwalan-gwalan da harshe ya ce mafarki ne, duk rumfar za ta bi bayansa, a kori malamin da tsaki, gobe a ba shi hatimi. Babu mai hana shi. Habila ma ya riga ya kama hannun kekensa.

Ya ɗora yatsa a kan kalmar farko.

“Muna ji,” in ji Zarami.

“Ban iya ba, Baba.”

“Rubutun ne ƙanana? A kawo shi waje wurin haske.”

“Ba haske ba ne. Ban iya Turanci ba. Ban taɓa iyawa ba. Hotunan nake kallo in faɗi abin da na ga dama. Ni na ce ƙanwarsa ce, don na ji kunyarku. Maganar nono ma ni na ƙirƙira. Malam Habila gaskiya ya faɗa.”

Ya yi zaton za a yi ihu. Ba a yi ba. Bakari ya cire awon da ke wuyansa ya shiga naɗe shi. Wasu biyu daga baya suka sulale. Ƙosan 'Yar'azumi ya ƙone, ta tsame shi ba ta ko duba ba. Ta miƙa wuya ta nuna wata tsohuwa mai ɗankwali da ke tsaye bayan ango a hoton, wadda Abdulwahid ya daɗe yana gaya musu ita ta haifi Ɗan Guguwa.

“Malamin makaranta,” ta ce, “wannan fa? Ita dai uwarsa ce ko?”

Habila ya duba hoton. “Mai gidan da yake haya ce, Mama.”

“Duk albarkar da take sa masa?”

“Yawanci faɗa take masa a kan ya dawo da takalmi da taɓo.”

'Yar'azumi ta koma kan kujerarta. “Allah ya isa tsakanina da Ikko,” ta ce, amma Abdulwahid take kallo.

Zarami bai ɗaga murya ba. Ya karɓi mujallar daga gwiwar Abdulwahid, ya daidaita gefenta da ya lanƙwashe.

“Da tun farko ka ce mana tatsuniya za ka yi, da mun zauna mun ji, don ka iya,” ya ce. “Amma ka bar ni na je gaban manya na ce ga mai ilimi. Gobe da an ba ka takardar hukuma, da haka za ka kalli hatimin da ke kanta ka gaya mana abin da ka ga dama? Mutum saba'in da komarsu?”

Abdulwahid ya so ya ambaci akawun Malam Madori, ya ga ba ta da amfani.

“Da sassafe zan je in janye sunanka. Ni zan sha kunyar, tunda ni na kai.” Ya juya wajen Habila. “Ɗana, na yi maka rashin adalci a gaban mutane, ka yafe ni a gabansu. Ajiye keken. Zo ka karanta mana daga farko, mu ji ko wane ne mutumin nan.”

Habila ya yi ɗan turjiya, ya dubi Abdulwahid kamar mai neman izini. Abdulwahid ya tashi daga kan kujerar da yake zama ya tura masa ita. Ya koma can ƙuryar rumfa inda kwanon ruwan faci yake, ya tsuguna, ya ɗauki robar tayar da ta dawo da safe ya tsoma yana neman inda take yoyo.

Habila ya fara. Karatunsa daidai ne, ba ƙari ba ragi, yana yi yana tsayawa ya nemo kalmar Hausa. Ɗan Guguwa na gaskiya ba ya wa'azi, ba ya ambaton maraya, yawan maganarsa barkwanci ne da cika baki. Bakari ya yi dariya sau ɗaya. Zarami bai yi ba, ya dai ce, “Ashe ma marar kunya ne,” ya gyara zama. Kafin a kai shafi na shida mutum huɗu sun tashi, 'Yar'azumi ta fara kwashe itacenta.

Abdulwahid ya ga kumfa na tasowa daga robar, ya danne wurin da yatsa. Bai ɗauko faci ba. Ya tsaya a tsugune, bayansa ga jama'a, yana sauraron abin da Ɗan Guguwa ke cewa.